Gawayi a Ɗakin 'Yar Filifin

Har gobe ban yafe wa mutanen gidan nan ba, kuma kada wani ya zo min da wa'azi. An yi min wa'azin, na ji, na gode. Mutumin da ya tsaya a bakin ƙofa yana auna mutuncinsa alhali 'yar mutane tana kwance a ƙasa numfashinta yana fita da ƙyar, ni da shi sai a gaban Allah. Shekaru sun ja, na manta abubuwa da yawa, wani lokaci har sunayen jikokina sai in haɗa su, amma ranar sunan nan ba za ta fita daga kaina ba sai ran da aka tura min ƙasa.

Ni mai waina ce. Mijina na biyo zuwa London, aikin gadi yake yi, da Allah ya karɓi abinsa na ci gaba da zama a Stratford a ɗan gidan da hukumar unguwa ta ba mu. In ana suna ko biki a cikin mutanenmu, ni ake kira in yi waina da funkaso da kunun gyaɗa. Ban yi boko ina yarinya ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari sannan na zauna a ajin yaƙi da jahilci a Kano, da muka zo nan kuma na shiga ajin Turanci na manya, ni da wasu tsofaffin Somaliyawa muna ta karya harshe. Turancina na kasuwa ne. A gane ni, in gane mutum in bai yi gudu ba. Na faɗi wannan ne don ku san da wane irin makami na shiga abin da zan ba ku labari.

Wani babban ma'aikacin gwamnati ne daga Abuja, yana da gida a nan gabashin London, ya kawo matarsa ta haihu. Suka zo da mahaifiyarsa, wadda kowa yake ce wa Hajiya Babba, da kuma 'yar aikinsu, wata mata 'yar ƙasar Filifin. Ba zan faɗi sunan kowa ba, har nata. 'Yar ƙaramar mace ce, ba ta kai kafaɗata ba, hannayenta duk sun tsattsage saboda ruwa da sabulu. Ta yi aiki a ƙasar Larabawa kafin ta zo gidansu a Abuja, inda ta daɗe har ta tsinci Hausa kaɗan: sannu, to, ina zuwa, an gama. Goyo kuwa ta iya shi da zani fiye da uwar jaririn. Mama take ce min, duk da ba na jin na ba ta wasu shekaru masu yawa.

Kwanaki kafin suna na riƙa zuwa gidan don jiƙa shinkafa da haɗa ƙullu, a nan muka saba. Ita tana wanke-wanke, ni ina tankaɗe, muna hira rabi da baki rabi da hannu. Ta nuna min hoton 'ya'yanta mata a waya. Ƙaramar tana shan nono ta bar ta, yanzu ga ta da kayan makaranta, kuma yayarta take kira uwa. Ta faɗi haka tana dariya, ta rufe baki da hannu, ni kuwa na ga dariyar ba ta kai ido ba.

Wata rana mai kawo saƙo ya danna ƙararrawar ƙofa, sai na ga ta saki soso ta shige bayan firiji kamar ɓera ya ji motsin kyanwa. Da na matsa mata da tambaya, ta raɗa min cewa bizar da aka shigo da ita ta ƙare tuntuni, Alhaji maigidan ya ce zai gyara, yau da gobe, yau da gobe. Ba ta leƙa waje sai in za ta zubar da shara. An gaya mata in hukuma ta gan ta, kurkuku za a kai ta, daga nan a jefa ta a jirgi, kuma makarantar 'ya'yanta ta tsaya ke nan. Ta kama hannuna da jiƙaƙƙun hannayenta ta roƙe ni kada in gaya wa kowa. Na ce mata bakina ƙanin ƙafata. Alkawari na yi mata, da Allah a ciki.

Ranar Asabar aka yi sunan, cikin sanyin nan na ƙarshen shekara mai shiga ƙashi. Tun da safe Hajiya Babba ta tashi da rigimar turare. Tana so a turara kayan mai jego da na jariri da mayafan da za a raba wa baƙi, kuma ta ce kaskon lantarki abin wasan yara ne, ƙamshinsa ba ya kama zare. Gawayi take so, irin na gida. Aka samo mata buhun gawayin da Turawa suke gasa nama da shi a lambu. To matsalar ita ce abin nan da ke manne a silin, mai ihu in ya ji hayaƙi. Ana gobe suna da aka gwada a falo ya tayar da gidan gaba ɗaya. Sai Hajiya ta zagaya ta gano ɗaki ɗaya da ba shi da wannan abu: ɗan ɗakin da ke bayan kicin, inda injin wanki yake, inda kuma 'yar Filifin take shimfiɗa katifarta.

Aka hura kasake, aka kifa kwanduna a kai, aka lulluɓe da kaya, aka cusa tawul a ƙasan ƙofa don kada hayaƙi ya fito. Ku da kuka san yadda ake turara kaya a gida kun san haka ake yi. Gawayin nan ban riƙe su da shi ba, don babu wanda ya sani a cikinmu. A gida ɗakunanmu suna shan iska ta ko'ina, ga tsakar gida a buɗe. Gidajen nan kuwa a toshe suke kamar gwangwani, kuma gawayi yana fitar da wata iska da ba a gani, ba a jin warinta, sai dai ta kwantar da mutum. Daga baya na san wannan. A ranar ƙamshi kawai muke ji muna cewa madalla.

Hajiya ta ce wa matar nan ta shiga ta riƙa juya kayan, wanda ya kama ta goge shi a ciki, kuma ta rufe ƙofa kada turare ya gudu. Ta ce to. Ban taɓa jin ta ce wani abu ban da to ba a gidan nan. Can ta fito sau ɗaya tana dafe da goshi, ta sha ruwa a famfo. Na ce ta zauna ta ci waina ko biyu ce, ta ce Hajiya tana jira, ta koma ta ja ƙofa.

Baƙi suka fara cika falo, ni ina gaban tanda ina fama, mai yana tsalle, ana ta aiko min a ƙaro. Ban san iya lokacin da ya wuce ba. Muryar Hajiya Babba ce ta dawo da ni, tana ƙwala mata kira daga bakin kicin, tana cewa ai ta samu ɗumi ta yi barci, 'yar gatan Filifin, mutane suna jiran mayafai ita tana mafarkin garinsu. Matan da ke kusa suka yi dariya. Ni kuwa sai gabana ya faɗi, don matar da na sani ko kiran farko ba ta bari a ƙarasa.

Na sauke tanda na je na tura ƙofar. Ta ƙi. Na sa kafaɗa na tura, sai na ji abin da ya tokare ta ba tawul ba ne kaɗai, abu ne mai laushi mai nauyi. Ƙafarta ce. Tana kwance rubda ciki tsakanin katifa da injin wanki, mayafi a hannunta, ta yi amai a gefen bakinta. Ɗakin ya yi ɗumi, ga ƙamshi mai daɗi kamar ɗakin amarya. Har yau in na shiga gidan biki na ji irin turaren nan sai in fita waje. Na sunkuya in ɗaga ta, sai na ji kaina ya yi wani yawo, bango ya karkace. Allah ne ya ba ni ƙarfi na kama ta ta hammata na ja ta a ƙasa, ta cikin kicin, na banke ƙofar baya na fitar da ita kan siminti cikin sanyi.

Na kira sunanta, na mare ta, na yayyafa mata ruwa. Ko gezau. Idanunta a rufe rabi, kanta yana lilo kamar na kazar da aka yanka. Hajiya Babba ta biyo mu tana salati, ta ce aljanu ne, dama turare yana jawo su, a kawo manja a ɗura mata, a yanka albasa a sa mata a hanci. Wata daga cikin matan ta ce a kira motar asibiti, ta faɗa da Turanci. Sai ga Alhaji ya shigo da babbar rigarsa ta suna. Ya duba, ya ce matan su koma falo, ya mayar da ƙofar kicin ya rufe, ya zo ya tsaya a kanmu.

Ba da faɗa ya yi min magana ba, shi ya sa abin ya fi ba ni tsoro. A hankali, kamar muna cinikin waina.

"Hajiya mai waina, dakata tukuna. Akwai abokina likita, yana hanya, zai zo sunan. Shi zai duba ta."

Na ce yaushe zai iso. Ya ce kafin la'asar in Allah ya so. A lokacin ko azahar ba a yi ba.

"Takardunta sun ƙare," ya ce, ya rage murya. "In mutanen nan suka shigo, da 'yan sanda za su zo. Kama ta za su yi. Ke kike so a kai ta kurkuku? Ki rufa mana asiri, ki rufa mata."

Wallahi maganar nan ta same ni a inda ya nufa. Don ba ƙarya ya yi ba a kan abin da take tsoro. Da bakinta ta roƙe ni, da hannunta ta riƙe ni. Ina zaune a kan siminti, kanta a cinyata, na ga hanyoyi biyu kuma kowacce rami ce. In na kira, wataƙila na ceto ta ne don in miƙa ta ga abin da ta fi tsoro a duniya, in kashe makarantar yaran nan da hannuna. In ban kira ba, wataƙila iskar waje ta farfaɗo da ita, likita ya zo, kowa ya ci waina ya tafi. Wataƙila. Ban taɓa jin tsoro irin na wannan lokaci ba, har ranar da aka ce min mijina ba zai tashi ba. Daga falo ina jiyo dariyar mata da kukan jariri.

Numfashinta ne ya yanke min hukunci. Tana jan shi kamar minshari, sai ya tsaya, sai ya dawo. Can ya tsaya ya daɗe bai dawo ba, har na sa kunne a bakinta. Irin numfashin nan na san shi. Na zauna a gefen gadon mutum mai irinsa, kuma na san inda yake zuwa. Na ce a raina, matar da ke kurkuku tana iya kiran 'ya'yanta wata rana.

Wayata a cikin rigata take, inda nake ajiye ta in ina gaban wuta. Na zaro ta. Alhaji ya miƙo hannu.

Na ce, "Alhaji, ka taɓa ni in yi ihun da duk layin nan zai fito. Waina ka saya, ba ka saye ni ba. Matsa."

Ya janye hannunsa. Hajiya Babba ta ce in ji tsoron Allah, yau ranar sunan jikanta ce. Na ce tsoronsa nake ji.

A ajinmu na Turanci malamar ta taɓa sa mu gwada irin wannan kira, muna ta dariya, wata tana zama mai ciwo wata mai amsa waya. Ranar da aka zo na gaske, da mace ta ɗauka ta yi magana, duk Turancin ya gudu ya bar ni. Da ƙyar na tsinto kalmomi ɗaya-ɗaya kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa: mace ce, ba ta farkawa, gawayi, ɗaki a rufe. Allah ya saka wa matar nan, ba ta yi gudu ba. Sai ta tambaye ni inda muke. Ni kuwa kullum a mota ake ɗauko ni, ban san sunan layin ba. Na dubi Alhaji, ya juya kai yana kallon katanga.

Na kwantar da 'yar Filifin a gefe, na tashi da gudu, na ratsa kicin, na ratsa falo ta tsakiyar mata da gwaggwaronsu, na fita titi da silifas. Allon sunan layin yana can ƙarshe a jikin bango. Na tsaya a gabansa ina haki, baƙaƙen suna rawa a idona, suna mai tsawo wanda ko yanzu ba zan iya furta shi ba. Na riƙa karanto mata harafi-harafi, yatsana a kan allon kamar yadda muke yi a aji. Na dawo na karanta lambar ƙofa. Ta ce sun taho, in koma wurin marar lafiyar, in buɗe ƙofofi, kowa ya fita daga gidan, har jariri.

Motar asibiti ta zo, ta 'yan kwana-kwana ta biyo ta. Wani ya shiga da ɗan abin auna iska a hannu, yana kaiwa kicin abin ya fara ƙara babu ƙaƙƙautawa. Aka fito da kowa kan titi, mata da leshi da sarƙoƙi suna karkarwa, maƙwabta suna leƙe ta taga, aka duba mai jego da jaririnta. Ita kuwa aka rufe mata fuska da abin ba da iska aka ɗora ta a gadon ɗaukar marasa lafiya. Ana cikin sa ta a mota ta buɗe ido. Na yi hamdala da ƙarfi. Amma da idonta ya sauka a kan kakin ma'aikatan, sai ya dawo kaina. Ba godiya na gani a ciki ba. Tsoro na gani, da tambaya. Ta girgiza kai a hankali, hawaye ya gangaro ta gefen abin da ke fuskarta. Kallon nan ya fi komai da ya faru a ranar yi min nauyi.

Aka tambayi wanda zai bi ta. Mutanen gidan kowa ya samu abin kallo a ƙasa. Na hau, da zanina mai warin mai. A asibiti suka shige da ita bayan wasu ƙofofi, suka ce in jira. Sai da yamma wata nas ta fito ta ce tana da rai, amma ba su gama da ita ba, irin wannan iska tana taɓa kai da zuciya, sai an ga yadda ta kwana. Ta tambaye ni ko tana da wani nata a ƙasar nan. Na ce babu. Mace ta bar garinsu ta yi wa mutane bauta a ƙasa uku, kuma duk London babu mai cewa ina take sai mai waina da ta san ta kwanan nan.

Kafin in isa gida wayata ta fara ruri. Na tona asirin mutane, na ɓata suna, na kunyata Hausawa a gaban Turawa. Wata da muke mutunci da ita ta ce duk wannan a kan wadda ko sallah ba ta yi. Na ce mata ran da ke jikinta wa ya hura shi, in ta samo amsa ta sake kirana. Daga ranar akwai gidajen da ba su ƙara cin wainata ba, kuma ban rame ba.

Ta rayu, bari in sauke muku wannan. Maganar takardunta ta ɗauki lokaci da wahala, wasu da suka san hanya suka tsaya mata, kuma ba ta koma gidan nan ba. Amma a ranar ban san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Abin da na sani shi ne na karya alkawari, kuma ban san ko ceto na yi ko cuta ba. Abin da na koya, kuma nake gaya wa duk wanda zai saurara, shi ne mu Hausawa mun ɗauki rufin asiri mun ɗora shi a kan komai, har mun manta mu tambaya asirin wa ake rufewa, kuma da me. In da likkafanin wani za a rufe naka, gara ya tonu. Sannan duk macen da take aiki a gidan mutane a ƙasar da ba tata ba, ba aikin ne yake kashe ta ba, rashin wanda zai ƙwanƙwasa ƙofa ya tambaye ta ne.

Washegarin sunan Lahadi ce. Akwai wani coci a kan hanyarmu da nake ganin mata irinta suna taruwa in na wuce a bas, kowacce da robar abinci a hannu. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa taka harabar coci ba. Na yi sallar asuba, na jira gari ya waye sosai, na zura hijabina na tafi. Na tsaya a bakin get ina waige kada wani namu ya gan ni. Da suka fito, na zaɓi wadda ta fi su furfura na tare ta, na kama hannunta, na ce mata da Turancina na kasuwa, 'yar'uwarku tana asibiti, ba ta da kowa. Ta dube ni daga sama har ƙasa, ni da hijabina. Sai ta miƙa wa ta kusa da ita robar abincinta, ta gyara jakarta a kafaɗa, ta ce in wuce gaba in nuna mata bas ɗin da za mu hau.